Girar Hagu ta Hajiya Fatsima

Duk wanda ya ce maka aure ba ya shiga sana'ar mutum, ka tura shi Vénissieux, can gefen Lyon ta Faransa, wajen Dodo mai babban goge, ya ji da kunnensa. Shekara goma sha biyu bawan Allahn nan yana kiɗa a ƙungiyar Tsamiya, bai taɓa shiga kafin lokaci ba, bai taɓa makara ba. Aka ɗaura masa aure ranar Asabar, ranar Talata ya koma kamar wanda bai taɓa riƙe goge ba.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Hajiya Fatsima ce ta kafa ƙungiyar. 'Yar Damagaram ce, babanta kuku ne a gidan wani malamin lekkol Bafaranshe, matar malamin kuwa ita ta koya mata gogen Turawa, wanda suke kira biyolon, tun ba ta gama famfara ba. Da za su koma ƙasarsu suka bar mata gogen. Da shi ta sauka Lyon karatun haɗa magunguna, da shi ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, har wata rana ta ce ta gaji da kiɗa ita kaɗai kamar mayya, ta nemo mutum uku. Ranar da suka fara gwaji a falonta, can saman wani dogon bene na unguwar Les Minguettes, maƙwabcinta na ƙasa ya hau da tsintsiya a hannu ya ce don Allah su bari, kiɗan nan kashe masa haƙora yake kamar ya tsotsi tsamiya. Hajiya ta yi masa godiya, ta rufe ƙofa, ta ce to sun sami suna.

Daga nan suka yi ta rarrafe. Gidajen tsofaffi, ɗakunan karatu, ɗaurin aure a meri, wato ofishin magajin gari, sai rediyo, sai 'yan bukukuwan rani a ƙauyukan da shanu suka fi mutane yawa. Mutane suka shigo suka fita. A lokacin da muke magana, goge na biyu yana hannun Hassia, haifaffiyar Lyon, mai baki kamar reza. Matsakaicin goge yana hannun Malam Mika'il, direban taram, jirgin ƙasan cikin gari, mutumin da ko ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Sai Dodo da babban goge, wanda ake kafawa a ƙasa a rungume shi da gwiwoyi. Shi a Maradi ya tashi wajen Gwaggo Balkisa, yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kawo shi Lyon gidan kawunsa. A makarantar kiɗa ta unguwa suka dube shi sama da ƙasa, suka ga ya fi duk yaran ƙashi, suka ɗora masa abin da ba wanda ya iya ɗauka.

To ga inda gizo ke saƙar. Irin wannan kiɗa na mutum huɗu ba shi da ganga, ba shi da mai tsayawa gaba yana kaɗa sanda. Ido ne gangarsu. A ƙungiyar Tsamiya kuwa duk idanu wuri ɗaya suke kallo, girar hagu ta Hajiya Fatsima. In ta ɗaga ta, a shirya, in ta sauke, a shiga. In ta karkace, wani ya yi ɓarna, kuma ya san kansa. Dodo ya san girar nan fiye da tafin hannunsa.

Sai Allah ya haɗa jininsa da Zakiyya, autar Hajiyar, ma'aikaciyar jinya, wadda ke shigowa da shayi in suna gwaji. Aka yi biki, aka ci aka sha. Washegari da hantsi waya ta yi ƙara, Gwaggo Balkisa ce daga Maradi. Bayan an gaisa, an tambayi gajiyar biki da sanyi da mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ta gyara murya.

"To Dodo, ka buɗe kunne. Matar nan daga yau surukarka ce. Ba ka kiran sunanta, ba ka cin abinci gabanta, kuma idonka ba ya hawa fuskarta. Kada in ji an ce Faransa ta cinye maka kunya, ka ja mini zagi a Damagaram."

"To Gwaggo," in ji Dodo. Ko a ransa bai ga wata matsala ba, don ai haka aka yi shi, ko ba a faɗa ba haka zai yi. Ango ne, kansa bai kawo masa maganar gira ba.

Ranar Talata aka zauna gwaji. Dodo ya shigo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, Hajiya ta amsa tana kallon labule, don ita ma shekarunta na Lyon ba su goge mata Damagaram ba. Kowa ya ɗauki gogensa. Gira ta hau, gira ta sauka, mutum uku suka shiga. Dodo yana nan yana nazarin igiyar takalminsa. Sai da kiɗa ya yi nisa ya faɗo ciki, kamar baƙon da ya iso an riga an kwashe kwanuka.

Aka tsaya, aka sake. Wannan karon ya yi canke, ya riga kowa.

Hajiya ta sauke gogenta. "Malam Mika'il, a tambayi mai babban goge ko lafiya."

Tsakaninta da Dodo bai fi kamu biyu ba. Amma Malam Mika'il, Allah ya ba shi lada, ya juya da dukan jikinsa ya ce, "Dodo, Hajiya na tambaya ko lafiya."

"Malam, a ce wa Hajiya lafiya lau, a yi haƙuri."

"Hajiya, ya ce lafiya lau."

Hassia ta dafe kai. "Non mais, kuna jin juna fa! Tanti, ga shi nan kusa da ke, ko tari ya yi sai ya feso miki!"

Hajiya ta ɗauki gogenta, aka ci gaba.

Daga ranar aka shiga neman dabara, kuma wallahi an sha wahala. Da farko aka ce ya kalli ƙafarta. To Hajiya ta yi shekara ashirin tana zagin duk makaɗin da ke buga ƙafa, ta ce wannan aikin 'yan bori ne, ga shi kuma zaninta har ƙasa yake sharewa. Malam Mika'il ya kwance wani tsohon madubin mota ya ɗaura a jikin ƙarfen da Dodo ke ɗora takardar kiɗa, ya daidaita shi yadda girar kaɗai za ta fito. Dodo ya ce sai ya ji ta bakin Maradi. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wadda ke cikin madubin, ba ita ba ce? To madubi ido ne." Hassia ta kawo baƙin tabarau, ta ce ai ba wanda zai san inda yake kallo. Gwaggo ta ce wannan ya fi muni, kallo ne aka haɗa da sata.

A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Hassia ta kalli gira, ta gyaɗa wa Dodo kai. Da haka suka je wasa a wani ƙaramin zaure a unguwar Croix-Rousse. Saƙon da ya bi ta hannun ɗan aike kuwa ka san ba ya isa da zafinsa. Tun daga farko har ƙarshe Dodo yana bin su a baya da taki ɗaya, da aka zo rufewa su uku suka tsaya cak, shi kuma ya ƙara jan wata ƙatuwar murya shi kaɗai, buuu, kamar saniya ta ga mahauci. Wata tsohuwa a layin gaba ta tafa da ƙarfi ta ce ita dai tana son kiɗan zamani. Sauran mutane suka yi ta kallon silin.

Abin da ya sa hankalin kowa ya tashi shi ne Paris. An gayyace su wani zaure mai daraja can, don cikar ƙungiyar shekara ashirin, kuma tunda aka kafa ta ba su taɓa samun irin wannan kira ba. Da yamma Zakiyya ta dawo daga gidan uwarta, ta ajiye jaka, ta zauna kusa da mijinta.

"Maman ta ba ni saƙo. Ta ce Paris ce gwajin ƙarshe. In abin bai gyaru ba, akwai wani yaro, Rayan, ya gama babbar makarantar kiɗa, ya iya babban goge." Ta dube shi. "Ta ce kuma shi ba surukin kowa ba ne."

Dodo ya sunkuyar da kai. Da rana kwalaye yake lodi a wani sito bayan gari, ba wanda ya san sunansa sai lambar rigarsa. Kujerar nan ta ƙungiyar Tsamiya ita ce wurin da yake mutum. Yana son kujerar nan, kuma yana tsoron rasa ta.

"Mais Dodo, ka kalle ta mana!" in ji Zakiyya. "Uwata ce, ni na ba ka izini."

"Ba ke ke bayarwa ba."

"To wa ke bayarwa?"

"Ba mai bayarwa. Shi ya sa ake ce da shi kunya."

Ta yi tsaki ta shiga kicin, tana faɗa wa tukwane da Faransanci abin da take tunani game da Maradi da Damagaram baki ɗaya.

A gwaji na gaba ya zauna kai a sunkuye, ya riga ya sallama. Ɗakin ya yi tsit ana jiran farawa. Sai ya ji wani ɗan sauti daga wajen Hajiya, siririn jan numfashi ta hanci, fiit, kuma kafin ya yi tunani hannunsa ya tafi da kansa. Su huɗu suka shiga tare kamar an buɗe ƙofa ɗaya. Ashe duk lokacin da gira za ta sauka sai hanci ya ja iska. Shekara goma sha biyu ido ya hana kunne aikinsa! Suka kai ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. Malam Mika'il ya ajiye goge ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Aka kira Maradi, Gwaggo ta yi dogon nazari, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an hana sauraron hancin suruka ba.

Ana murna ana murna, sai ga ranar tafiya. A tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu Hajiya ta iso da ƙaton gyale a wuya da kwalin hankici a hannu. Jikanta ne ya kwana biyu a gidanta ya bar mata tsaraba. Mura ce, irin mai zuba kamar famfo.

Kai, ranar Dodo ya ga ta kansa. A gwajin da suka yi cikin zauren kafin a buɗe ƙofa, Hajiya ta ja hanci, ya shiga, ashe majina ce. Ta sake ja, ya sake shiga. Tana buɗe jaka ta ja, ya shiga. Hassia ta yi dariya har ta zame daga kujera. Malam Mika'il ya ciro man zafi daga aljihu ya ce a shafa a goshi, aka shafa, sai hancin ya buɗe gaba ɗaya, abin ya ninka. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Dodo ya koma lungu ya zauna bayan akwatin gogensa, ya kasa kunne kamar mai koyon sabon yare. Da sannu ya fara rarrabewa. Jan mura gajere ne, jiƙaƙƙe, kuma yakan zo biyu-biyu. Jan kiɗa dogo ne, busasshe, daga ƙirji yake tasowa. Akwai ma na uku, na haushi, wanda ke fitowa in Hassia ta yi magana. Mutum mai gemu, mai mata, ya zauna a birnin Paris yana karatun majinar surukarsa. Allah kada ka jarrabe mu.

Bayan azahar ranar Lahadi zaure ya cika. A gaba Turawa ne masu furfura, kowa ya naɗe hannu. A baya kuwa mutanenmu ne na Sevran da Stains, unguwannin gefen Paris, an sha manyan riguna da ɗaurin kallabi, an kuma ja musu kunne tun a waya cewa ba a yin tafi sai an ga makaɗa sun miƙe, ba a guɗa, ba a hawa dandamali a yi liƙi. Zakiyya tana layin farko, ta ƙanƙame jakarta.

Kiɗan na wani Bajamushe ne da ya daɗe da mutuwa, kashi huɗu. Kashi na farko ya wuce lafiya, Dodo yana tsallake jiƙaƙƙu yana kama busassu, gumi na bin bayansa. Na biyu ma haka. Sai aka zo na uku, mai tafiyar hawainiya, inda kowa ke yin shiru a bar babban goge ya yi ta kukansa shi kaɗai, su kuma suna ƙirga a zuci, har wurin da gogen Hajiya zai sauko a kansa daga sama. Wurin nan shi ne zuciyar kiɗan duka. Saboda shi ma Hajiya ta zaɓe shi.

Dodo ya fara. Bai yi nisa ba ya ji ana kokawa a gefensa. Atishawa ce ta taso wa Hajiya, irin mai tsaga zaure biyu, tana danne ta. Ya ji ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, kujerarta ta yi ƙara kaɗan. Ta ci nasara. Sai dai bayan nan bai ƙara jin komai ba.

Wurin shigarta yana matsowa. Ya kamata a ce yanzu ƙirjinta ya fara cika. Babu jiƙaƙƙe, babu busasshe, ko na haushin babu. Shi da ya haddace duk wani numfashi na matar nan, wannan shirun bai san shi ba, amma ya gane shi, don shi ma ya kwana da irinsa tun ranar da aka ambaci Rayan. Tsoro ne. Garin yaƙi da atishawa ƙirga ya kuɓuce mata, ba ta san inda ake ba. Hassia da Malam Mika'il ba abin da za su iya, su bayanta za su shigo, ita suke jira. Mutum ɗaya ne a duniya ya san daidai inda kiɗan yake, shi ne wanda ke yin sa.

Ya iso muryar ƙarshe ya ja ta, ya ƙara ja, sandar izgar tana ƙarewa a hannunsa. Muryar Gwaggo tana cikin kunnensa, idonka ba ya hawa fuskarta. To amma don me aka hana? Ba don a tsare mata mutunci ba? Ga shi nan zai tsare idonsa, ya bar matar da ta yi shekara ashirin tana jan wannan ƙungiya daga benen Les Minguettes ta tozarta gaban Paris da Sevran da Stains.

Dodo ya ɗaga kai.

Tabaraunta ya zamo har ƙarshen hanci, idanunta sun cika da ruwa sun yi ja, takardar ma ba ta gani. Kuma ba takardar take kallo ba. Shi take kallo, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ya ga furfurar da ta leƙo daga ƙarƙashin kallabi, ya ga 'yan watannin nan da bai dube ta ba ta tsufa, tausayi ya kama shi. Ya ɗaga mata gira. Ya sauke.

Ta shiga. Wallahi tunda yake jin gogen matar nan bai taɓa jin ta shiga haka ba, siririya, a hankali, daidai kan gaɓa. Dodo ya mayar da idonsa kan takalmi da sauri kamar wanda ya taɓa wuta. Da suka kai ƙarshen kashi na huɗu zaure ya ɗauki tafi, wata Hajiya daga Stains ta ce ita fa haƙurinta ya ƙare, ta rangaɗa guɗa, Turawan gaba suka waiwaya a firgice, sannan suka ƙara ƙarfin tafi.

Suka koma bayan dandamali. Hassia ta buɗe baki, Malam Mika'il ya taka mata ƙafa, karo na farko a rayuwarsa da ya taka wani da gangan. Dodo ya yi ta goge gogensa da tsumma har inda ba datti. Shi dai ya san ya yi abin da aka hana, a gaban ɗaruruwan shaidu, kuma bai san ko ya ceci kujerarsa ba ne ko ya haɗa ta da mutuncinsa ya zubar.

A jirgin komawa Lyon aka ba su kujeru masu fuskantar juna da tebur a tsakiya. Hajiya da Zakiyya a gefe ɗaya, Dodo a ɗaya gefen, babban goge a kusa da shi da tikitinsa kamar mutum. Tun safe bai sa komai a ciki ba. Hajiya ta buɗe wata roba cike da dambun nama, ƙamshi ya tashi, cikinsa ya yi wata ƙara da ta fi ta gogen. Ya ƙura wa tebur ido.

Sai da gidajen Paris suka ƙare aka shiga gonaki, Hajiya ta share hanci, ta juya fuskarta wajen taga.

"Zakiyya."

"Na'am, Maman."

"Ki faɗa wa mijinki girar dama ya ɗaga. Ta hagu ake ɗagawa. Shekara goma sha biyu yana kallo bai koya ba."

Zakiyya ta dubi uwarta, ta dubi mijinta, ta cije leɓe. "Dodo, Maman ta ce..."

"Na ji. A ce a yi haƙuri."

"Ki kuma faɗa masa gwaji ranar Talata ne, kada ya makara. Yaron nan Rayan, a ce masa Allah ya ba shi wani wurin."

Dodo ya gyaɗa wa tebur kai. Hajiya ta miƙe, ta gyara gyale, ta ce ƙafafunta sun yi tsami, za ta taka zuwa wancan taragon, kuma kada a jira ta, za ta daɗe. Da za ta wuce ta sa yatsa ɗaya ta tura robar dambun har gabansa, tana kallon wani wuri daban.